Ƙofar Madatsa da Ƙofar Labari

Laccar da aka gabatar a Birniwa ga matasa masu kula da shafukan intanet na ƙungiyoyi, makarantu da ofisoshi

 

Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayanin yadda mutum zai haɗa shafinsa na intanet da shafukansa na Facebook da X da Telegram, ta yadda duk labarin da ya wallafa na'ura za ta ɗauka ta kai can da kanta, kuma ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan bisa lokacin da aka tsara mata. Da na ji inda za a yi taron sai hankalina ya kwanta, domin a duk Arewa ban san mutanen da suka fi na ƙasar Haɗejiya sanin ma'anar sakin abu da ƙa'ida ba.

Ruwan da ke ratsa wannan masarauta daga nesa yake tasowa. Kogin Kano da kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil ya gangaro mana, ya rarrabu cikin fadamu, ya wuce ya tarar da kogin Jama'are ta wajen Gashuwa, daga nan su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, wani kaso babba na ruwan nan ya koma hannun mai buɗe ƙofa da rufewa. In aka sake shi daidai, mai shinkafa a Auyo ya samu, mai alkama ya samu, masunci a Guri da Kirikasamma ya samu, makiyayi ya shayar. In ya zo gaba ɗaya, ga ruwan sama a kai, ga kachala ta toshe hanyoyinsa, kun ga abin da ya faru a 2020 da 2022: mutane sun kwana a kan jinga da buhunan ƙasa, wasu sun bar gidajensu a kwalekwale. Ruwan ɗaya ne. Yawan da ya zo da lokacin da ya zo su ne suka raba albarka da asara. To labari ma haka yake a wayar mutum, kuma a kan wannan zan tsaya yau.

Bari in fara da magudanar da labarin ke bi. Yawancin shafukan labarai suna da wata ƙofa ta baya da mai karatu bai cika gani ba, sunanta RSS. Wani ɗan fayil ne da shafin ke sabuntawa da kansa duk lokacin da aka wallafa sabon abu. Ba shi da ado ko launi. Jeri ne kawai: kanun labari, adireshin da za a same shi, ranar da sa'ar da aka wallafa shi, ɗan taƙaitaccen bayani, sai wata lamba ta musamman da ke bambanta kowane labari da ɗan'uwansa, kamar yadda ake yi wa buhu shaida a kasuwa. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da shi a 1999. Wani masani mai suna Dave Winer ya fitar da samfurin RSS 2.0 a 2002, wanda har yau shi aka fi amfani da shi, sannan a 2005 aka kammala wani ɗan'uwansa mai suna Atom. Lokacin da Google ya rufe manhajarsa ta Google Reader ranar 1 ga Yuli, 2013, mutane da yawa sun ɗauka an yi jana'izar RSS. Ga shi nan da ransa. Duk wanda shafinsa ke kan WordPress a cikinku, in ya koma gida ya rubuta adireshin shafin ya ƙara kalmar feed a ƙarshe, zai ga nasa. Ni a wannan lacca zan riƙa kiransa magudana, don aikinsa ke nan.

Tsakanin magudanar da shafinka na sada zumunta akwai ɗan aike, wato wata manhaja irin su dlvr.it ko IFTTT ko Zapier ko Hootsuite. Aikinsa leƙe ne. Duk bayan minti goma sha biyar, ko rabin awa, ko awa ɗaya, gwargwadon yadda ka saita shi, sai ya je ya duba jerin nan. In ya ga lambar da bai taɓa gani ba, ya san sabon labari ne, sai ya ɗauka ya sa a layi. Daga layin ne yake saki. Abu uku kake gaya masa: sau nawa zai leƙa, guda nawa zai saki a kowane zuwa, da tazarar da zai bari tsakanin wannan da wancan. Wasu manhajojin suna ba ka damar ƙayyade sa'o'in aiki da adadin da ba za a wuce ba a yini. Shi ke nan fasahar. Yaron da ya iya saita injin ban ruwa ya karkatar da ruwa daga fangali zuwa fangali zai koye ta a zama ɗaya.

Wahalar tana wajen hukunci, kuma zan ba ku labarin yadda na gane haka. Shekarun baya na taimaka wa wata ƙungiyar ci gaban gari da haɗa shafinta. Da dare na yi aikin, bayan sallar isha'i, don a lokacin ne sabis ya fi kyau. Na haɗa magudanar, na danna amincewa, na kwanta. Akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko a fara daga sababbin labarai kawai ko a kwashe duk abin da ke cikin jerin, ban lura da shi ba. Kafin asuba na'urar ta juye duk tsofaffin sanarwowin da ta tarar, ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan mintoci. A cikinsu akwai sanarwar rasuwar wani dattijo da aka yi wa addu'ar arba'in tun da jimawa. Da gari ya waye mutane suka ga sanarwar da kwanan watan ranar a kanta. Wani ɗansa da ke aiki a Kudu ya kira gida muryarsa na rawa, yana tambaya wa kuma aka rasa. Wasu suka fara shirin zuwa gaisuwa. Na goge, na je da ƙafata na ba iyalan haƙuri, suka karɓe ni da mutunci irin na mutanen kirki, amma fuskar uwargidan marigayin a ranar ba ta fita daga raina ba. Na'urar ta yi daidai abin da aka ce ta yi. Ba ta san mutuwa ba, ba ta san arba'in ta wuce ba. Saboda haka abu na farko da nake roƙonku, ranar da za ku haɗa magudana ku gwada ta a kan wani shafi na gwaji da babu mai bin sa, ku zauna ku ga abin da ya fito, kuma ku yi haka da rana ido na ganin ido.

Yanzu maganar gudu. Me ya sa ba za a saki komai nan take ba? Ku tuna wanda ke riƙe da wayar. Manomi ne a Birniwa da ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya, ya sayi data ta kwana ɗaya, ya zauna a gindin bishiya bayan la'asar. In ya buɗe ya tarar shafi ɗaya ya cika masa fuska da abu goma sha biyu a jere, biyu zai karanta, sauran ya wuce su da babban yatsa. In abin ya maimaitu kwana uku sai ya daina bin shafin, kuma ba zai aiko muku da takardar sallama ba. Su ma kamfanonin sada zumuntar suna da idon da ke lura da shafin da ke zubo abu iri ɗaya babu ƙaƙƙautawa. Suna iya ɗaukarsa a matsayin mai damun jama'a su rage masu ganinsa, ko su dakatar da shi. Tun Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kamfanoni da kafafen labarai. Ƙofar da aka bar mana ƙarama ce, bai kamata mu cushe ta da kanmu ba.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke faɗawa ɗaya ramin. Sun ji an ce a sassauta, sai su matse ƙofar fiye da kima. Mu yi lissafi tare. A ce shafinka na wallafa labari 30 a yini, ka ce wa na'ura ta saki ɗaya duk awa, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Sau 16 ke nan. Kullum labari 14 na kwana a layi. Cikin mako ɗaya sun zama 98. Ranar da aka cika mako, labarin da shafinka zai kawo wa mutane a matsayin sabo ya kwana uku da faruwa, kuma kullum tazarar ƙaruwa take. Farashin riɗi na kasuwar da ta ci ta watse ba labari ba ne, ɓata ne ga wanda zai ɗaura kaya a kan mota bisa shi. Madatsar da abin da ke shiga cikinta ya fi abin da ke fita, kun san ƙarshenta. Maganin shi ne tacewa tun daga sama: a zaɓi rukunin labaran da za su shiga layi, a bar sauran a shafin ga mai son ya je ya gani. WordPress na ba kowane rukuni magudanarsa daban, don haka kana iya cewa labaran noma da na kasuwa su tafi Facebook, sanarwar ofis ta tafi Telegram. Kuma a sa wa layin wa'adi: duk abin da ya kwana bai fita ba a zubar da shi.

Akwai wani ɗan tarko da ke kusa da wannan. In ba ka canza ba, magudanar WordPress labari goma na ƙarshe kawai take nunawa. In ɗan aikenka sau ɗaya yake leƙawa a yini, kai kuma ka wallafa goma sha biyar, biyar na farko sun faɗo daga jerin kafin ya iso, ba zai taɓa ganinsu ba. Haka kuma a duba agogo. Agogon Najeriya yana gaban na GMT da awa ɗaya, manhajoji da yawa kuma da agogon wata ƙasa suke zuwa. In ba ka gyara ba, abin da ka tsara wa hantsi zai iya fita mutane na barci.

Wane lokaci ne ya dace? Za ku ga rubuce-rubuce da yawa a intanet masu cewa ƙarfe kaza ne ya fi, amma an auna su ne a kan mutanen da ke shiga jirgin ƙasa zuwa ofis a Landan. Ku ku auna naku. Yininmu salla ce ke yanka shi. Akwai ɗan lokaci bayan asuba kafin a fita gona, akwai hutun azahar lokacin da rana ta take, akwai zaman majalisa bayan la'asar, sai kuma dogon zaman bayan isha'i, wanda a ganina shi ne kasuwar waya a garuruwanmu. Da damina jadawalin daban ne da na rani. Da azumi komai juyawa yake, mutane na farke lokacin sahur, suna kuma shagale dab da shan ruwa. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa sakkowa masallaci ba a cika duba waya ba. Wanda ya saita na'urarsa sau ɗaya ya manta da ita shekara guda, yana yi wa mutanen da ba sa nan magana ne.

Na zo kan abin da ya fi damuna, shi ne kuma dalilin da ya sa na amsa gayyatar nan. Layi adalci ne ga labarai masu nauyi ɗaya. Amma labarai ba nauyinsu ɗaya ba. A ce cikin watan Agusta ne, sanarwa ta fito cewa ruwa ya ƙaru a Wudil, ana jan kunnen garuruwan da ke ƙasa. Ruwan nan kwanaki yake yi kafin ya iso ƙasar Haɗejiya, kuma kwanakin nan su ne dukiyar da mutum ke da ita don ya kwashe hatsi daga rumbu, ya kora dabbobi tudu, ya ɗauke tsofaffi da yara. In sanarwar ta shiga layi ta tarar da labarin bikin saukar karatu da na wasan ƙwallo da na ziyarar wani babba a gabanta, na'ura za ta bar ta ta jira awa uku ko huɗu, domin a wurinta duk lambobi ne. Ko madatsa ma ba ƙofa ɗaya ake yi mata ba. Akwai ta ban ruwa ta yau da kullum, akwai mafitar da aka tanada don ranar da ruwa ya cika. Ku yi wa shafukanku haka. Ku buɗe rukuni na musamman, ku sa masa suna gaggawa, ku ba shi magudanarsa da ba ta bin layi, kuma ku sa ɗan aike ya riƙa leƙa ta a mafi ƙanƙantar tazarar da manhajar ta yarda. Sannan ku yi rowar wannan rukuni. Ambaliya, ɓarkewar cuta, gobara, yaron da ya ɓata, gadar da ta karye. In kuka fara sa taron siyasa a ciki, ranar da ruwa ya zo babu mai waiwayarku.

Kuma kada a sa komai a ciki sai daga tushe. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya, akwai hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are da ke kula da madatsun, akwai hukumar agajin gaggawa ta jiha. Da damina akan yaɗa cewa Tiga ta ɓalle, mutane su kwana ba barci. Na'urar da aka haɗa da shafin da ba ya tantancewa za ta yaɗa ƙarya da irin himmar da take yaɗa gaskiya.

Ko da kun yi duk wannan, kada ku miƙa wa na'ura amanar rai gaba ɗaya. Ranar 1 ga Janairu, 2024, girgizar ƙasa mai ƙarfi ta auka wa yankin Noto na ƙasar Japan, aka yi gargaɗin igiyar teku. Akwai wani shafi a X mai suna NERV da miliyoyin mutane ke bi don samun gargaɗin bala'i, wanda na'ura ce ke wallafa masa. Ana tsakiyar tashin hankalin sai ya sanar cewa ya kai iyakar adadin saƙon da X ya yarda na'ura ta aika, ba zai iya ci gaba ba, mutane su koma manhajarsa. An ɗage masa takunkumin daga baya, amma sa'o'in farko sun wuce. Japan ke nan, ƙasar da ta fi kowa shirin girgizar ƙasa. Ƙofar da suke taƙama da ita ashe makullinta na hannun wani.

Wannan ya kawo ni ga maganar gonar aro. Shafinka na Facebook ko na X ba naka ba ne, aro aka ba ka, mai gona kuma yana iya canza sharaɗi ba tare da ya shawarce ka ba. A 2016 aka rufe Twitterfeed, manhajar da dubban shafuka suka dogara da ita don wannan aiki. A Agustan 2018 Facebook ya hana manhajoji wallafawa kai tsaye a shafin mutum na kansa, ya bar shafukan ƙungiyoyi da kamfanoni. A 2023 Twitter, wato X na yanzu, ya sa kuɗi a kan hanyar da na'urori ke bi su yi wallafa, shafuka masu amfani da yawa suka yi shiru. Mu nan gida mun ga namu: daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya, wata bakwai cur. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Wanda labaransa ke zaune a shafinsa na kansa, da magudanarsa, in an rufe wannan hanya sai ya karkata zuwa waccan, rumbunsa na nan. Wanda kuwa a Facebook kaɗai yake rubutu, ranar da aka rufe shafin ya rasa aikin shekaru. Ku fara wallafawa a gidanku, sannan na'ura ta kai kasuwa.

Na san tambayar da ke bakin da yawanku, domin a nan WhatsApp ne sarki. Gaskiyar magana, WhatsApp bai buɗe ƙofa ga irin wannan aiki a zaurukan hira ba kamar yadda Telegram ya buɗe, kuma yana rufe lambobin da ya kama suna aika saƙo barkatai ta na'ura. In wani ya zo muku da manhajar da ya ce za ta yi, ku sani lambarku kuke jefawa cikin haɗari. Shi kansa kamfanin ya yarda da hikimar rage gudu: a 2019 ya ƙayyade tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya, don rage yaɗuwar jita-jita. Shawarata ita ce na'ura ta kai labari Telegram ko Facebook, sai mutum mai hankali ya ɗauka ya kai zaure da hannunsa.

Kuma a wannan gaɓa ta ƙarshe mutum ya fi na'ura nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikin waɗanda ruwa ya fi yi wa barazana ba sa karanta boko, wasu Fulatanci ko Barbarci ne harshen gidansu. Saƙon murya na minti ɗaya daga bakin wanda suka sani ya fi musu rubutu goma. Kafin waya, mai unguwa ne ke sa mai shela ya zaga, kuma mai shela bai taɓa fita sau ashirin a yini ba. Shi ya sa in aka ji muryarsa ake ajiye abin da ake yi a saurara. Har gobe limami bayan salla da gidan rediyo suna kai saƙo inda data ba ta kai. Ku ɗauki shafinku a matsayin mai kai wa waɗannan labari da wuri.

Saura abu ɗaya, maɓallin tsayarwa. Kowace manhaja tana da shi, ku nemo inda yake tun kafin ku buƙace shi. Ranar da gari ya tashi da babban rashi, ko kwalekwale ya kife da mutane, bai dace shafin ƙungiyarku ya ci gaba da sakin tallar takin zamani duk awa ba kamar babu abin da ya faru. Haka in kun wallafa kuskure kun gyara a shafinku, ku sani na'ura ba za ta bi wanda ta riga ta kai Facebook ta gyara ba. Sai kun bi shi da kanku. Wani lokaci ma gyaran kan sa ta ɗauka sabon labari ne ta sake sakinsa, don haka a duba bayan kowane gyara.

Wannan maɓalli kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Na ga shafin da ya yi wata biyu yana zuba ba mai iya tsayar da shi, saboda yaron da ya san kalmar sirri ya tafi hidimar ƙasa, wayarsa kuma ta faɗa ruwa. Don haka kafin mu tashi, ina roƙon kowace ƙungiya da ke nan ta karɓi takarda daga hannun masu shirya taro, ta rubuta sunan mutum biyu da za su riƙe makullin, da wanda zai kwana da waya a kunne daga farkon Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Masu kwamfuta kuma su matso gaba bayan salla, mu buɗe magudanar shafi ɗaya mu saita ta tare.